Saurin Nasara a Age of Empires II Yana Hannun Manomi

Tun da aka sake fitar da wasan kwamfuta na Age of Empires II a 2019, shekara 20 bayan fitowarsa ta farko, masu koyo suka dukufa wajen haddace jerin matakan buɗe wasa daga YouTube kamar karatun allo: ma'aikata shida kan tumaki, huɗu kan itace, ɗaya ya jawo aladen daji. Jerin ba shi da aibu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake binsa ido rufe, kowa na neman gama wasa cikin minti 15.

Masu gaggawa suna tara abinci 500 su haye zamani na biyu, su tura mahaya uku ko huɗu su afka wa masu saran itacen abokin hamayya. Masu haƙuri kuwa, 'yan Fast Castle, suna katange gari, su tara abinci 800 da zinariya 200 su shiga zamani na uku, su ƙara cibiyoyin gari, sannan barade su fito.

Ina tare da harin wuri, amma da sharaɗi. Cibiyar gari tana fitar da ma'aikaci ɗaya duk daƙiƙa 25, a kan abinci 50. Wanda hankalinsa ya tafi kan mahayansa har cibiyarsa ta zauna minti biyu ba aiki, ya yi asarar ma'aikata kusan biyar da hannunsa. Ko ya kashe biyu a can, shi ne a ƙasa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Ku lura da wasan ƙwararru irin su Hera ko TheViper: ana tsakiyar fafatawa, amma cibiyarsu da wuya ta huta, gonaki na ƙaruwa, itace ba ya taruwa a banza. Amfanin harinsu shi ne tilasta wa ɗayan ya kashe itace kan katanga da masu mashi, ya bar noma.

Fast Castle kuma yana da wurinsa, wato taswirar Arena, inda ake farawa cikin ganuwa. Amma a taswirar Arabia, fili fetal, maharba shida sun isa su kore ka daga zinariyarka kafin barden farko ya fito. Shi ya sa ɗan leƙen asirin da ake ba ka a farko bai kamata ya tsaya bayan ya gano tumaki ba. Ka tura shi ya duba ko abokin hamayya ya fara haƙar zinariya da wuri. In ya fara, ka shirya wa maharba.