Da'irar Ballhaus: Yadda Kyamara Ke Zagaya Mutum

Tun kafin 'yan wasa su iso, ma'aikata sun durƙusa suna shimfiɗa ƙarafa biyu kamar ƙaramin layin dogo, sai dai wannan lanƙwasasshe ne, ƙarshensa ya komo ya haɗu da farkonsa. Inda ƙasa ta yi kwari a cusa ɗan katako, a ɗora ma'aunin ruwa, a sake dubawa. 'Yar gargadar da ƙafa ba za ta ji ba, a allon sinima girgizar ƙasa ce.

Da wannan da'ira aka san mai ɗaukar hoton fim Michael Ballhaus, Bajamushen da aka haifa a Berlin a 1935. A fim ɗin Martha na 1974, wanda Rainer Werner Fassbinder ya ba da umarni, mace da namiji suka yi ido biyu karon farko, kyamara ta zagaye su kaf, har mai kallo ya ji jirin da matar ke ji.

A kan layin ake ɗora doli, wato keken da ke ɗauke da kyamara. Mutum ɗaya na turawa, da tafiyar da ba gaggawa ba tsayawa. Na biyu ya manna ido yana juya kan kyamarar don kada fuska ta kuɓuce. Na uku yana murza zoben gilashi bisa alamomin da ya riga ya auna da tef, domin taku ɗaya in ɗan wasa ya ƙara, hoton ya dushe.

Haske ne ya fi ba ni mamaki. Wanda ya kafa kyamara wuri guda ya nemi kujera, yana iya jibge fitilu da wayoyi a bayansa. Mai da'ira ba shi da baya. Ko'ina za a gani, don haka fitilu su koma sama ko su ɓuya cikin kayan ɗaki, ma'aikata kuwa su duƙa ko su bi keken a sanɗa.

Ballhaus ya kai wannan hannu Amurka, ya zagaya Michelle Pfeiffer tana waƙa a kan fiyano a The Fabulous Baker Boys na 1989, ya kuma ɗauki finafinai bakwai na Martin Scorsese, har da Goodfellas. Ciwon ido na gilokoma ya rage masa gani a ƙarshen rayuwa. Bikin finafinai na Berlin ya karrama shi a 2016, ya rasu a birnin a watan Afrilun 2017.