Ƙwallo ɗaya, rami ɗaya, ba komawa baya

A shekarar 2014 wani mai ƙirƙirar wasanni ɗan Kanada, Justin Smith, ya fitar da wasan golf na waya mai suna Desert Golfing. Wanda ya buɗe shi ba zai tarar da shafin maraba ba, ba kiɗa, ba ɗan wasa riƙe da sanda. Yashi ne shimfiɗe, da sararin sama mai launi ɗaya, da farar ƙwallo, da rami mai tuta a bakinsa. Ka ɗora yatsa a kan allo, ka ja baya kamar mai harbin danƙo, ka saki. Da ƙwallo ta faɗa rami sai allo ya gusa, ramin da ka ci ya zama wurin bugu na gaba. A saman allo kuma ana ƙirga duk bugun da ka yi tun daga ramin farko. Yanzu da wasanni masu fayau ɗin allo suka zama abin yayi, ina ganin wannan wasa ne ma'aunin da ya kamata a gwada su da shi, domin rangwamen da ya yi ya wuce na ado, ya shiga cikin dokokin wasan kansu.

A golf na fili akwai ramuka 18, ɗan wasa na iya ɗaukar sanduna har 14, kowane rami kuma yana da adadin bugun da ake sa ran ƙwararre zai gama shi da shi. Smith ya zubar da wannan duka. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya cire maɓallin sakewa. Idan ka ɓarnatar da bugu 30 a kan wani tudu mai taurin kai, waɗannan 30 sun shiga lissafinka ke nan, kamar zarar bunu. Da farko abin yana ƙona rai. Amma da yake ba wanda ya ce maka bugu uku ne daidai, ba kuma tauraron yabo da za a hana ka, sai haushin ya rasa inda zai zauna. Bayan ramuka ɗari biyu ko uku, lambar da ke sama ta yi girman da bugu ɗaya ba ya canza ta, hankali sai ya koma kan abin da ke gabanka: yadda yashi ke cinye gudun ƙwallo, da yadda gangare ke mayar da ita.

Masu suka suna cewa wannan lalaci ne aka sa wa riga, tunda kwamfuta ce ke tsara tuddan, kuma rami na 500 bai bambanta da na 50 ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don wanda ke neman labari ko gasa zai gaji da wuri. Sai dai idan kayan wasa suka taƙaita haka, ba inda kuskure zai ɓuya. Nauyin ƙwallo da tsallenta dole su yi daidai, in ba haka ba wasan ya rushe, ba kiɗa ko kyauta da za su rufa masa asiri. Dara ma ai ramuka ne a ƙasa da 'yan tsakuwa, ba wanda ya taɓa cewa ƙarancin kayanta ya rage mata zurfi. Kuma inda komai ya yi tsit, ɗan canji kaɗan yakan zama labari: launin yashi yana sauyawa a hankali, wata rana ka ci karo da dutse ko tsiro guda. Da yake a farkon fitowar wasan tuddan iri ɗaya ne a wayar kowa, baƙi biyu kan haɗu su yi ta ƙorafi kan lambar rami ɗaya.

Suka ta biyu ta fi nauyi, wato batun kuɗi. Golf Clash, wanda kamfanin Playdemic na Ingila ya fitar a 2017, cike yake da akwatunan kyauta da sulalla da sanduna da ƙwallaye na musamman, kuma a 2021 Electronic Arts ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 1.4. Desert Golfing sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, ba talla, ba abin saye a ciki. Ba shakka kasuwa ta nuna wanda ta fi so, kuma kamfani mai ma'aikata da yawa ba zai rayu da irin cinikin mutum ɗaya ba. Amma wannan hujja ce kan wanda ya fi kawo riba, ba ta ce komai kan wanda ya fi mutunta lokacin mai wasa ba. Akwatin da zai buɗe bayan awanni an ƙera shi ne don ya ja ka ka dawo, shi kuwa wasan Smith ko ka ajiye shi wata shida, ƙwallonka na nan inda ka bar ta.

Nan ne masu bin yayi suke kuskure. Suna ɗaukar launi biyu da siririn rubutu, sannan bayan kowane rami su cusa maka talla, ko su sayar maka da damar sake bugu. Allonsu ya yi fayau, amma hannunsu na cikin aljihunka. Tambayar da za a yi wa duk wasan da ke da'awar sauƙin tsari ita ce: me mai shi ya haƙura da shi wanda zai iya kawo masa kuɗi? Idan amsar ita ce babu, to fenti kawai ya rage.