Matashi a Birni: Ranar da Ƙagaggen Labarin Hausa Ya Tsallake

Tun daga gasar rubutu ta 1933 da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya, tafiya ce ƙashin bayan ƙagaggen labarin Hausa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya bar Kwantagora, ya sha gwagwarmayar duniya, ya komo da abin da ya fita nema. Fita, wahala, komowa: wannan tsari ya bi marubutanmu har zamanin da tafiyar ta zama ta ɗan ƙauye zuwa birni. Wannan sharhi zai dubi yadda littattafai uku suka zana matashi a babban birni. Hujjarsa ita ce marubutanmu sun ƙware wajen nuna ranar shiga birni da ranar faɗuwa ko dacewa, amma sun tsallake ranakun da ke tsakani, alhali a cikinsu ne yawancin matasa suke ƙarar da ƙuruciyarsu.

Littafi na farko shi ne Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970. Lokaci ne na kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, lokacin da samari suka riƙa ajiye fartanya suna shiga mota, har gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976. Ɗangambo ya ga wannan kwarara da idon basira, ya gina labarinsa a kan saurayin da ya bar ƙauye, ya faɗa hannun miyagun abokai a birni, ya dulmuya cikin aikata laifi. Ƙarfin littafin shi ne ya ɗauki matsalar zamaninsa da gaske. Rauninsa kuwa yana cikin sunansa. Kitsen rogo abu ne mai kama da maiƙo alhali babu maiƙo a cikinsa, don haka an yanke wa birni hukunci tun daga bango, kafin mai karatu ya ji shaida. Birnin da ke cikin irin wannan labari tarko ne kurum. Ɗan dakon da ya shekara goma yana ɗaukar buhu bai taɓa sata ba, ba shi da gurbi a ciki, domin rayuwarsa ba ta tabbatar da jigon.

Na biyu shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, ɗaya daga cikin fitattun littattafan da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano. A nan birni ya daina zama abin tsoro, ya zama gidan taurarin labari. Wannan ci gaba ne, domin matasan birni sun fara ganin kansu a takarda. Sai dai talaucin Muhammad yana da aiki guda a tsarin labarin: shi ne shingen da ke tsakaninsa da Sumayya, 'yar masu hali. Littattafai da yawa da suka bi wannan sawu sun mai da rashi wani mataki da tauraro zai haye da sauri, ta hanyar gado ko ubangida ko sa'ar kasuwa, don a kai ga ɗaurin aure. Mai karatu yakan san launin motar angon, amma da wuya ya san nawa saurayin yake biya na haya kafin arzikin ya zo.

Wanda ya fi kusantar gaskiyar yau da gobe shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Da Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, marubuciyar ba ta kawar da kai ba. Ta bi ta zuwa gidan haya, ta nuna sana'ar abincin da ta riƙe gidan, ta sa mai karatu ya ji nauyin ciyarwa da karatun yara. A nan kuɗi yana da ƙamshin tukunya. Amma tauraruwar uwa ce, kuma mafitar da aka ba matashiyar gidan, Saudatu, ita ce auren attajiri. Ke nan ko a wannan littafi mai ƙarfi, matashin da zai tsaya da ƙafarsa a birni bai sami labarinsa ba.

Kwatanci da adabin Nijeriya na Ingilishi zai ƙara haske. A People of the City na 1954, Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya ba tauraronsa Amusa Sango sana'a biyu, aikin jarida da kiɗa, ya kuma sa rasa ɗakin haya ya zama babban juyi a labarin. Ekwensi ma yana wa'azi, amma ya fahimci cewa mai gidan haya yana iya zama abokin hamayyar tauraro kamar yadda mugun waziri yake a tatsuniya.

To, me ke cikin ranar da aka tsallake? Saurayi daga Yawuri ko Ngaski ko Shanga yakan bi motar albasa ko busasshen kifi zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, da nufin cin rani, sai rani ya zama shekaru. Yana kwana a ɗakin da mutane da yawa suka haɗa kuɗinsa, ko a shagon wani ɗan garinsu. Idan babur yake tuƙawa, sai ya cire balas ɗin mai babur da kuɗin mai kafin ya san abin da ya samu. Sana'ar ma tana iya mutuwa da sanarwa guda, kamar yadda Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, Legas kuma ta hana a wasu sassanta a 2020 da 2022. Wanda ya gama jami'a ya yi bautar ƙasa yakan zauna a Mararaba ko Nyanya, ya fito da asuba don shiga Abuja, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi kafin kuɗin abinci. A tsakiyar wannan sai waya ta yi ƙara: mahaifiya ce, damina ta kama, ana neman kuɗin taki. Ga zubin adashi gobe, ga haya ƙarshen wata. Saurayin da ya ce mata yana nan lafiya alhali bai karya ba, ya yi zaɓin da ya isa a gina babi a kansa. Akwai rikici a nan, akwai kunya da alfahari da ƙauna, wato duk kayan da ƙagaggen labari yake buƙata.

Akwai kuma dalilin da ya sa tsohuwar warwara ta komawa gida ba ta gamsar da mai karatu daga bakin tafkin Kainji. Da aka kammala madatsar ruwan a 1968, an tayar da mutane sama da dubu 40, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da tsibiran Gungawa masu yawa. Akwai gidajen da ƙauyen kakanninsu yake ƙarƙashin ruwa. A Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara da mutane masu yawa, a watan Yuni na shekarar kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. Marubucin da zai rufe labarinsa da cewa tauraro ya koma gona ya sami kwanciyar hankali, dole ya fara gaya mana wace gona, kuma ta wace hanya zai isa can.

Wani zai ce adabi ba littafin lissafin ɗan tireda ba ne, mai karatu nishaɗi yake nema bayan wahalar yini. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma karɓuwar shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ta nuna cewa jama'a suna jin daɗin ganin irin rayuwarsu idan an iya tsara ta. Wa'azi ma ya fi shiga idan mai sauraro ya yarda cewa mai yin sa ya san halin da ake ciki.

Ɗangambo ya gargaɗi matashi, Gidan Dabino ya saurari zuciyarsa, Balaraba ta leƙa tukunyar gidansu. Kowannensu ya biya bashin zamaninsa. Bashin da ya rage yana wuyan marubutan yau, musamman waɗanda suke rubutu a waya daga cikin waɗannan ɗakunan haya: su bi saurayi ɗaya daga kiran assalatu zuwa lokacin da zai ƙirga cinikinsa da dare, su bar mai karatu ya yanke wa birni hukunci da kansa.