Rijiya Ɗaya Tal: Sake Karanta Labarin Kusugu a Zamanin Tsadar Fetur

Galibin masu sharhi kan labarin Bayajida sukan tsaya ne a kan jarumtar baƙon da ya sare kan macijin Kusugu. Wannan fahimta ta rage wa labarin nauyi. Macijin nan mai suna Sarki bai samu ikonsa daga dafi kaɗai ba. Ya same shi ne domin rijiya ɗaya tal garin yake sha, shi ya sa ya iya ƙayyade wa jama'ar Daurama ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Jigon labarin shi ne haɗarin dogaro da mafita ɗaya.

A tsohon birnin Daura, fada da kasuwa da masallaci da rijiya duk tafiyar ƙafa ce. Shekarun tallafin man fetur ne suka sauya wannan tsari a biranen Arewa: unguwanni suka bazu bayan ganuwa, zuwa makaranta ko asibiti ya koma sai da babur ko mota. Da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin kwanaki, ta zarce 1,000 a 2024. Gidan mai ya zama sabuwar Kusugu.

Ba mu kaɗai ba ne. Amurka ta bar harajin tarayya kan fetur a santi 18.4 kowane galan tun 1993, unguwanninta na bayan gari kuwa ba sa rayuwa sai da mota. Faransa ta ƙara harajin, sai mazauna karkara da gefen birane suka fito zanga-zanga a 2018. Holan ma tana karɓar haraji mai nauyi, amma ta shimfiɗa hanyoyin keke da na jirgin ƙasa, don haka tsadar ba ta ɗaure ƙafar mutanenta ba.

Muhawararmu ta maƙale a kan farashi, kowa yana jiran Bayajidan da zai karya shi. Alhali sare kan maciji ba ya ƙara yawan rijiyoyi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa Daura, da Jami'ar Sufuri da aka kafa a garin, za a auna amfaninsu ne da abu guda: ko ɗan talaka zai isa makaranta ranar da babu mai.