Barde Ba Doki: Sharhi a kan Sassaƙa Kai da Ƙirjin Jaruman Da

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai akwai tsohuwar al'ada, wadda aka gada daga Rumawa, ta sassaƙa kai da ƙirjin mutum kawai, a ɗora bisa dandamali. Jarumawan doki sun sami kaso mai yawa a wannan fasaha. Alal misali, Antonio Canova ya sassaƙa Joachim Murat, shugaban mahayan Napoleon wanda ya sarauci Naples daga 1808 zuwa 1815, kuma har yau masu sha'awa na ƙera irin waɗannan siffofi suna shafa masu launi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan salo bai dace da baraden ƙasar Hausa ba, musamman idan aka dube shi daga Manchok da kewayen Kafanchan.

2.0 Matsalar Suna

Hausa ba ta da kalma guda ta wannan siffa. "Gunki" na ɗauke da ma'anar bauta, shi ya sa ba ya karɓuwa. "Mutum-mutumi" kuwa ya haɗa har da abin da manomi ke kafawa don korar tsuntsaye. Abin sha'awa, shahararren kan nan na yumɓu da aka tono a yankin Jama'a, aikin da ya fara yi ke nan a wata gonar doya kafin ya isa hannun Bernard Fagg a shekarun 1940. Daga baya aka gane cewa na al'adar Nok ne, wadda ta fara gasa irin waɗannan siffofi wajen shekaru 900 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai dai kawunan Nok, da idanunsu masu kusurwa uku da kitsonsu na ƙawa, galibi ɓallewa suka yi daga cikakkun jikkuna. Ke nan kai da ƙirji kawai baƙon salo ne ko a ƙasar da ta fi ko'ina daɗewa da sassaƙa fuska a Nijeriya.

3.0 Matsalar Fuska

Canova ya yi zamani da Murat, masu zane kuma sun bar hotunansa da dama. Barden Zazzau na ƙarni na 19 bai bar irin wannan ba. A bainar jama'a ma rawani da amawali sun rufe rabin fuskarsa, a fagen fama kuwa kwalkwali ya ƙarasa sauran. Saboda haka masassaƙi zai ƙago hanci da leɓe, mai shafa launi kuma ya ƙago hasken fata da tsagar fuska, alhali tsaga shaida ce ta asali. In aka yi kuskurenta, an sauya wa mutum dangi.

Bahaushe bai adana jarumansa ta kamannu ba. Ya adana su ne ta kirari da waƙar makaɗan yaƙi da sunan sarauta. Madaki ko Madawaki, wanda M. G. Smith (1960) ya bayyana a matsayin shugaban mahayan Zazzau, doki na cikin sunansa. Lifidi da sulke da sirdi da likkafa su ke faɗin matsayin mahayi, kuma yawancinsu ba sa fitowa a siffar da aka yanke a ƙirji. A nan Ben Ekanem ya yi hikima a siffar Sarauniya Amina da ya yi a 1975, wadda aka kafa a gaban Gidan Wasannin Ƙasa na Legas. Shi ma bai san fuskarta ba, sai ya ɗora nauyin ma'ana a kan doki da takobi.

4.0 Matsalar Tarihi

Manchok, hedikwatar masarautar Marwa a Ƙaramar Hukumar Kaura, tana yankin da dawakin Zazzau da na Jama'a suka riƙa kai hari don neman bayi da gandu. Mutanen Kagoro sun dogara da duwatsunsu, inda doki ba ya iya hawa. Atyap kuma ba su manta da Marok Gandu ba, jagoransu da aka kashe a 1902, zamanin Sarkin Zazzau Kwasau. Mahayin da ake yi wa kirari a fada, a nan da ƙurar hari ake tuna shi. Siffar da ta cire doki da mashi, ta bar dattijo mai natsuwa cikin rawani, ta ɓoye abin da ɓangarorin biyu suka sani game da shi. Ta rage wa maroƙi abin yabo, ta kuma shafe shaidar wanda aka kai wa hari.

5.0 Kammalawa

Ba a ce kada a sassaƙa barade ba. Abin da ake nema shi ne a fito da su bisa dawakinsu, da cikakkun kayan yaƙi, a rubuta kirarinsu a jikin dandamali, a kuma sanya a gefensa abin da masu jin Sholyio da Tyap suka riƙe game da su, cikin harsunansu. Tattara waɗannan zantuka daga bakin dattawa aiki ne na masana harshe, kuma ya kamata ya riga aikin masassaƙi.