Kwandon Ƙyalle da Asalinsa a Saƙar Faifai

Akwai masu ɗaukar kwandon ƙyalle, wato mazubin da ake ɗinkawa da guntayen atamfa da shadda da ke zubewa ƙarƙashin keken tela, a matsayin aikin rashi kawai, wasu kuma na ganinsa baƙon abu da cibiyoyin koyar da mata sana'a suka shigo da shi. Duka ra'ayoyin biyu ba su da tushe. Harhaɗa ƙananan ƙyallaye su zama abu guda tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar Hausa, domin masaƙin gargajiya ƙwarya yake saƙawa, wato siririn tsirin tufa, sai an jera da yawa an ɗinke gefe da gefe kafin a sami zane ko babbar riga. Abin da ya sauya shi ne yawan ƙyallen, tun daga 1957 da masaƙar farko ta Kaduna ta fara aiki, har zuwa atamfar Sin da ta cika kasuwa bayan durƙushewar masaƙun, wadda ke kai da kawo tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar Nijeriya, ta kuma isa hannun telolin Tsarnawa da Malbaza da Galmi.

Hanya biyu ake bi wajen yin kwandon. Ta farko ta tela ce: a yanka ƙyallaye murabba'i, a haɗa su a keke, a yi shafi, a cusa tsohon buhu tsakani don ya tsaya. Tana da sauri, amma kwandon kan langaɓe tun wankin farko, saboda haka ba ta cancanci dogon bayani ba.

Ta biyu, wadda ake iya kira naɗi, ita ce fasahar. Mai aikin takan tsaga ƙyalle tsiri-tsiri, faɗin kamar yatsa biyu, ta naɗa shi a karkace kan zuciya, wato abin da ke ciki yana ba wa kwandon ƙarfi, ko tsagaggiyar kaba ko igiyar da aka warware daga buhun albasa, abin da ba ya wuya a yankin da albasa ce babbar hajarsa. Daga cibiya ake farawa, inda ake lanƙwasa bakin igiyar a ɗaure shi tamau, sannan a yi ta zagayawa, basilla tana huda zagayen da ya gabata tana kamo sabon. Muddin ana ajiye sabon zagaye a gefen tsohon, gindi ne ke faɗaɗa. Da zarar an fara ɗora shi bisa kafaɗar tsohon, bango ya tashi, kuma babban yatsan hagu ne, da yadda yake danna igiyar, ke yanke hukuncin ko bakin zai buɗe ko zai tsuke. Gwana takan ɓoye mahaɗin tsiri biyu ƙarƙashin naɗi, ba ta ƙulla su, don ƙulli yana yin tudu. Atamfar auduga ce ta fi kama zuciya. Sabuwar shadda tana zamewa sai an wanke sheƙinta, leshi kuwa ba ya jure basilla ko kaɗan.

Wani abu da masu sukar ba su lura da shi ba shi ne, naɗi yana kashe zanen atamfa. Furanni da tsuntsayen da kamfani ya buga duk sukan ɓace cikin murɗi, launi kaɗai ke saura, don haka dole mai aikin ta tsara ja da baƙi da kore zagaye-zagaye, daidai yadda mai saƙar faifai ke jera rinanniyar kaba. Cibiyar ɗaya ce, hudar basillar ɗaya ce, har zaman da ake yi a tsakar gida da aikin bisa cinya ɗaya ne. Wannan ya nuna cewa kwandon naɗi, ko da yake daga shagon tela kayansa ke fitowa, a dangin faifai da lefe da adudu yake, wato saƙar mata ta cikin gida, kuma a wannan ajin ya kamata masu nazarin sana'o'in Adar da Ƙonni su riƙa lissafa shi.