Wa Zai Zana Kasuwar Mayahi?

A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa daga Damargu. Ya zaga kasuwar garin, ya rubuta abin da idonsa ya gani, har da ƙoren soyayyar fara da ake sayarwa. Daga nan ya wuce Katsina da Kano, a 1853 kuma ya isa Sakkwato. Da littafinsa ya fito a 1857 zuwa 1858, juzu'i biyar, sai ga shi da hotuna masu launi, ciki har da na Kano daga kan Dala da na kasuwar Sakkwato.

Waɗannan hotuna har yanzu ana samun su. Shagunan intanet na Turai da Amurka suna sake buga su a takarda mai kauri, a sa a gilashi, a aika wa mai saye ya rataya a falo ko ofis. Haƙƙin mallaka ya daɗe da faɗuwa, kowa na iya bugawa.

Bugun kansa ba abin ƙi ba ne. Zanen asali ɗaya ne tal, mai hali ne ke mallakarsa. Bugu kuwa yana kai shi ɗakin malamin makaranta. Hotunan Barth ɗin ma tun farko bugu ne: a zana a kan shafaffen dutse, a shafa tawada, a danna takarda, launi bayan launi.

Inda gizo ke saƙar shi ne hannun da ya yi zanen. Barth zayyana kawai ya yi a littafin tafiyarsa. Wanda ya mayar da ita cikakken hoto shi ne Johann Martin Bernatz, mai zane a birnin Munich, wanda ya je Habasha amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Aikinsa na da kyau, ya kuma adana wa Hausawa abin da ba su da wani hotonsa. Duk da haka kasuwa ce da aka zana da labarin wani. Mutumin bai taɓa tsayawa gaban mai awo ba, bai san yadda ake tula tiya har hatsi ya zubo ba.

Ga kasuwa nan da ranta a Mayahi, a bakin Gulbin Kaba. Mai zanen da ya tashi a nan ya san abin da zai kama: ɗaurin kaba a jingine kusa da masu tabarmi da igiya, tarin goriba, buhunan gero da wake da gyaɗa ana sauke su daga amalanke. Ya san hasken da ke sauka a gashin jar akuya da hantsi. Ya san dillali idan ya riƙe hannun mai saye yana faɗin "Alhaji, ƙara dai," mai bisa kuwa ya kau da kai yana cewa "Albarka." Ya san tsohuwar da ke zaune bayan faifan daddawa, da yadda take ɗaure kuɗi a bakin zane. Irin wannan ba ya zuwa ta hanyar bayani.

Kuma kayan aikin sun iso. Injinan da ke buga hotunan 'yan takara da allunan shaguna a Maradi za su iya buga zane. Bangon gidaje ma bai saba zama fayau ba: kalanda, hoton Ka'aba, hotunan shehunai, duk bugu ne. Akwai magidantan da ba sa rataya surar mai rai, ra'ayinsu abin girmamawa ne, kuma rumfuna da ƙore da tulin hatsi kaɗai sun isa cika hoto.

Sharaɗi ɗaya ne bai kamata a sassauta ba. A sa sunan mai zanen da shekara a ƙasan kowane bugu, a ƙayyade adadin, a biya shi kasonsa. Masu bugun Turai sun daɗe suna haka, mai zane ya sa hannu da fensir, ya rubuta lambar kowace takarda. In ba haka ba, wani zai ɗauki hoton da waya, ya kai maɗaba'a, ya cika kasuwa da shi ba tare da mai aikin ya ga ko dala ba. Ma'aikatun magajin gari na Mayahi da Tasawa, da otal-otal na Maradi, su ne ya dace su fara ba da odar irin wannan zane, tunda suna da bango kuma suna da baƙi.